Goro Dubu Biyar da Arba'in

"Ni Ɗantani, in na raba abu, ko ƙuda ba shi samun saura. Ku kawo hatsi, ku kawo nama, ku kawo ruwan gulbi in kun so, sai na kasa shi daidai wa daida, kowa shi tashi shina sa mini albarka."

Haka ya faɗa, abokina, a zauren Alhaji Kamilu dillalin shanu na Maradun. Ya kuwa ɗaga murya da gangan don maganar ta tsallake katanga ta faɗa kunnen Hanifa, 'yar Alhajin, wadda dominta yake ƙona man babur ɗin aro tun daga Talata Mafara kowane mako.

Bari in gabatar maka da gwanin. Ɗan gidan mahauta ne gaba da baya, amma ranar da aka fara miƙa masa wuƙa ya ga jini, shi aka yi wa fifita kafin a koma kan akuyar. Gwaggo Hadizatu, wadda ta raine shi tun yana maraya, ta ce to a gwada boko. Aka tura shi Gusau, ya yi abin da ya yi ya dawo ba takarda, sai tabarau mara magani da waya mai lissafi. Ya raɗa wa kansa suna Farfesa Ba-Saura. 'Yan kasuwa suna kiransa Farfesa a gaban idonsa, in ya ba da baya su ce Buhun Iska ya wuce.

Abin da ya jawo cika bakin kuwa, an yi wa Alhaji jikan fari, suna ranar Laraba. Gidajen danginsa goma ne, warwatse a Maradun da Mafara da Bakura da Dosara da Jangebe. Al'adarsu, ranar jajibirin suna kowane gida ya aiko da faifansa a zuba masa goro, ya koma garinsu ya raba gayyata. To a bikin baya, Baffa Audu na Bakura, dattijon da ko ruwa aka ba shi sai ya leƙa kofin maƙwabcinsa, ya rantse kason Mafarawa ya fi nasa tudu. Ya yi fushi har Sallah ta zo ta wuce bai ɗaga wa kowa hannu ba. Wannan ne ya hana Alhaji sakat.

"Alhaji, Allah shi ƙara girma, laihin ba ga mai rabo yake ba, ga lamba yake," in ji Ɗantani, yana gyara tabarau. "Lambobi awa mutane suke, kowace da ƙabilarta. Akwai shafa'i, akwai wutiri, wanga ko yaro ya sani. Akwai gwauraye, waɗanda babu mai raba su sai su da kansu sai ɗaya, ba mata, ba ɗiya, ba mai kawo musu tuwo. Akwai kuma attajirai masu dangi ko'ina. Sarkin attajiran ga shi na dubu biyat da arba'in."

Alhaji ya ce, "Ƙwaryar goro hamsin ke nan, ɗari-ɗari, da 'yan kai arba'in. Mi arba'in ɗin za su yi?"

"Ai su na sirrin. Ɗauki ɗaya sau biyu sau uku, ka yi ta tahiya har bakwai, ita za ta hito. Ɗauki bakwai sau takwas sau tara sau goma, ita dai za ta hito. Dangi sittin gare ta masu raba ta ba saura. In ka tara dangin ga wuri guda, sun kusa ninka ta huɗu, ka ji arziki. Gida biyu, gida bakwai, gida tara, dut tana yi. Gida goma kuwa, ɗari biyat da huɗu huɗu, ko Baffa Audu shi zo da ma'auni."

Alhaji ya shafa gemu. Da ma abin da ya hana shi amsa maganar Hanifa shi ne bai taɓa ganin yaron nan ya gama wani aiki ba ban da surutu. Ya ce, "Tau. In ka raba goron ga Audu ya koma Bakura bai yi gunaguni ba, turo magabatanka."

Mai hankali sai ya durƙusa ya yi godiya ya kama hanya. Amma baki shi ke yanka wuya. Ɗantani ya bugi ƙirji ya ce, "In ko guda ɗaya ya yi saura, na haƙura da Hanifa."

Da ya fito, sai ga ta a bakin ƙofar cikin gida da tsintsiya a hannu. Tana sonsa kuwa da gaske, don duk cikin masu zuwa wurinta shi kaɗai ke sa ta dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Wa ya aike ka da ƙarin ga na ƙarshe?"

"Lamba ba ta ƙarya, Hanifa."

"Ni dai da za ka rage baki ka ƙara kunne, da na hi samun kwanciyar rai."

Ya yi dariya ya hau babur ɗin aro ya tafi, bai ji komai ba.

Ranar Talata da safe ya tarar da Gwaggo ta ɗaura zanenta na fita kunya, tana kakkaɓe faifanta mai jan baki, wanda take rufe masa tuwo da shi tun yana rarrafe. Ta ce za ta unguwa. Bai tambayi wace unguwa ba, don a lokacin yana bayyana wa kajin gidan darajar lambarsa. Ya fita ya nemi Mujahid, taubashinsa, mai a-kori-kurar ɗaukar nama, wanda Allah ya yi wa baiwar tsokana ba ya gajiya. Suka shiga kasuwar Mafara, rumfar Ɗan Asabe mai goro.

Bayan an gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya da damina, Ɗan Asabe ya ƙirga ƙwarya hamsin da arba'in a kan ɗanyen ganye, goro fari da ja, sai sheƙi yake. Yana gamawa ya cika hannu biyu ya watsa a kai. "Ga gyara, albarkacin jikan Alhaji."

Ɗantani ya dafe kai. "Nawa ka zuba?"

"Wa ka ƙirga gyara, Farfesa?"

"Ka ɓata mini lamba. Ka mai da sarki talaka."

Ya sa aka juye goron nan duka a kan tabarma a tsakiyar rana, ya tsuguna yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya cika adadinsa, ya kwashe ragowar ya tura wa Ɗan Asabe. Kasuwa ta zuba masa ido. Tun da aka kafa ta, an ga mai roƙon gyara, an ga mai faɗa a kan gyara, amma ba a taɓa ganin wanda ya mayar da ita ba. Ɗan Asabe ya karɓa, ya juya ƙeya.

Mutane suka taru kallo, shi kuwa Buhun Iska ya ɗauka ɗalibai ne suka zo ɗaukar karatu. Ya hau bayan mota kusa da huhun goron ya fara bayani, yana nuni da hannu, yana lissafa dangin lamba sittin kamar mai kirarin sarauta. Ka san mai cin goro, hannunsa ba ya shawara da shi. Ana cikin dangi na ashirin da wani abu hannun ya zarme cikin huhu, ya ɗauko guda, ya ɓara, ya jefa baki.

Mujahid ya bari sai da ya tauna sosai, sannan ya ce, "Taubashi, da daɗi?"

"Mi?"

"Ɗan sarkin da kake tamna."

Ɗantani ya dubi jan yatsunsa. Ya zaro waya ya shiga latsawa. Dubu biyar da talatin da tara. Ya gwada biyu ta ƙi, uku ta ƙi, bakwai ta ƙi, ya yi ta hawa har zufa ta jiƙa masa hula, babu wanda ya raba ta. Ya ce, "Gwauruwa ta. Babu wanda ta sani duniya."

"Ashe tsakanin sarki da gwauro ɓari biyu na," in ji Mujahid.

Suna shirin komawa rumfar Ɗan Asabe sai ga wani dattijon malami da sanda ya tsaya ya yi sallama. Ya gaishe su tun daga lafiyar jiki har ta dabbobi, ya ji labarin haihuwa, ya ɗaga hannu ya yi wa jariri addu'a mai tsawo. Aka shafa. To a ƙasar nan wa zai tsaya kan tulin goro dattijo ya yi masa addu'a ya tafi hannu wofi? Mujahid ya zaɓo babba ya miƙa da hannu biyu. Ɗantani ya buɗe baki zai hana, ya ga idon jama'a a kansa, ya mayar ya rufe.

Malam na wucewa ya sake latsa waya. "Dubu biyat da talatin da takwas. Matsiyaciya. Daga biyu sai sha ɗaya sai wata banza ɗari biyu da ashirin da tara. Wa ya taɓa ganin dangi gida sha ɗaya? Tir da wagga lamba."

Suka je wurin Ɗan Asabe neman goro biyu. Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Wanda ya mai da gyarata, babu ciniki tsakanina da shi har damina ta zagayo." Sauran masu goro kuwa duk sun ji labari, kowa ya ce nasa ya ƙare, alhali ga shi tuli a gabansa.

Dole suka kama hanyar Maradun da matsiyaciyar lamba. A mararraba suka ga wata tsohuwa, Inno, da tiren goro a gindin itacen bedi. Ɗantani ya diro tun mota ba ta gama tsayawa ba.

"Inno, goro biyu. Biyu rak. Don girman Allah kada ki yi mini gyara."

"Na mi na, ɗana?"

"Na suna," in ji Mujahid daga cikin mota.

"Ayye, haihuwa anka yi? Allah shi raya." Ta tashi da kanta ta tura biyu cikin huhu, ta bi su da na uku, ta cusa shi can ƙasa. "Wanga na mai jego na. Ba a mai da hannun kyauta baya."

Waya ta sake shan latsa. Dubu biyar da arba'in da ɗaya. Ya yi ta gwaji har ya iske mai raba ta guda ɗaya tak: saba'in da ɗaya sau saba'in da ɗaya. Mujahid ya ce ai ba ta ɓaci ba, sai Alhaji ya daure ya ƙaro gidaje sittin da ɗaya kafin la'asar. Ɗantani ya harare shi, ya zaro goro guda ya cinye tsaye don ya dawo da sarki kan gadonsa. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ko tsohuwa huɗu ta cusa? Ya sa aka sake juye huhu a bakin hanya, ya ƙirga daga farko, awaki suna cin ganyen lulluɓi, rana tana cin goron. Lambar ta cika cif. Goron ne dai ya fara yamutsa fuska.

Ba su isa Maradun ba sai la'asar sakaliya. Wakilan gidaje suna zaune a ƙofar Alhaji tun azahar, har da liman, kowa ya cika ya yi fam. Ɗantani ya yanke gaisuwa a tsakiya, abin da ya sa Baffa Audu ya yi tsaki na farko, ya sa aka sauke huhu. Faya-fayai suna jere a kan tabarma. Ya ƙirga su yana murmushi. Ya cire tabarau ya goge ya sake ƙirgawa.

"Alhaji, kamar wani ya aje faifai biyu."

"A'a, daidai suke. Gida guda munka ƙara da sahe. Sha ɗaya na yanzu. Ba ka ce lambarka tana da dangi sittin ba?"

Abokina, cikin dangin nan sittin akwai goma, akwai sha biyu, amma sha ɗaya ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ɗantani kuwa ya sani. Ya durƙusa ya fara rabo yana addu'ar ko an yi kuskure a ƙirga. Ina, ai gwani ne ya ƙirga har sau biyu. Kowane faifai ya samu ɗari huɗu da hamsin da takwas, goro biyu suka rage a gindin huhu, manya-manya, suna kallonsa.

Ya waiga dama ya waiga hagu, ya yi kamar zai share gumi, ya cusa su baki gaba ɗaya ba ɓari. Kumatunsa suka yi suntum kamar na biri a gonar gyaɗa.

"Farfesa, nawa-nawa munka samu?" in ji Baffa Audu.

Ɗantani ya ɗaga yatsu.

"Da baki nike tambaya."

Ya yi ƙoƙarin cewa ɗari huɗu, sai tari ya sarƙe shi. Goro ɗaya ya yi tsalle ya gangara har gaban takalmin Baffa Audu, ɗayan ya faɗa cikin huhu ya yi ƙara. Wuri ya kaure da dariya, har liman ya rufe baki da gefen rawani.

Mujahid ya matso ya ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Taubashi, in an hidda biyun ga, nawa ya rage? Ba ita ta matsiyaciyar da ka yi wa tir cikin kasuwa ba? Da ka bar ta, da yanzu muna shan hura."

Alhaji Kamilu mutum ne mai sauƙin kai, kuma ya ga kason kowa daidai yake, har Baffa Audu ya leƙa na maƙwabta bai sami abin cewa ba. Ya share hawayen dariya ya ce, "Ya isa. Goro biyu ba komi ba na. A wanke su a ba awaki, rabo ya yi. Ni ban sa ka rantsuwa ba, kai ka sa kanka, na kuma yahe ta."

Ka ji ƙofa a buɗe, har da tabarma an shimfiɗa masa. Amma dariyar nan ta shiga ran Ɗantani, maganar Mujahid kuwa ta fi dariyar ciwo. A ce Farfesa Ba-Saura ya tashi da saura a gaban garuruwa biyar? Ya miƙe ya mayar da tabarau.

"Alhaji, ba a yahe wa lamba, don ba ta yi laihi ba. Gida goma munka yi da kai. Gidan ga na sha ɗaya shi na ɓara-gurbi. A hidda shi."

Alhaji ya daina dariya. "Ka san ko gidan wa na?"

"Ba ni bukatar sani. Dut gidan da za shi kutso cikin dangi rana tsaka da faifai, gidan 'yan cin arziki na. Jiya ba su, shekaranjiya ba su, yau sun ji ƙamshin goro sun sheƙo."

"Ɗantani, ni na kira su."

"Kunya ta sa ka. Ni ba ni jin kunyarsu. Irin waɗanga in ka ba su goro yau, gobe ɗiyarka za su ce suna so."

Liman ya yi gyaran murya. Mujahid, wanda idonsa ya sauka kan faifan ƙarshe tun ɗazu, ya ja masa riga ta baya, wannan karon ba da wasa ba. Ɗantani ya fizge.

"Ka tabbata a hidda su?" in ji Alhaji, karo na ƙarshe.

"Har abada. Kada a sake ganin faifansu ƙofar gidan ga."

Bai jira izini ba ya juye faifai na sha ɗaya, ya rarraba goron a kan sauran, ya wanke biyun da ya tofar ya cika da su. Ɗari biyar da huɗu huɗu, gida goma, huhu ya koma wayam. Ya ɗaga huhun sama ya kakkaɓe don kowa ya shaida, ya tsaya yana haki yana jiran tafi.

Alhaji ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ce, "A ce wa mai faifan ga ta zo ta ɗauki abinta."

Sai a lokacin Ɗantani ya dubi faifan da ya wofintar. Yana da jan baki. Yana da 'yar ƙuna a gefe, inda shi da kansa ya taɓa ɗora shi kan murhu yana yaro.

Gwaggo Hadizatu ta fito cikin zanenta na fita kunya, Hanifa na biye da ita, ido ya yi ja. Duk abin da aka faɗa ya tsallake katanga, kamar yadda muryar Farfesa ta saba.

Alhaji ya ce, "Hanifa ta roƙe ni in sa gidanku cikin dangi tun yau, tun da kun kusa zama namu. Na aika anka ɗauko Gwaggonka don ta amshi kasonku da hannunta. Amma ka ce har abada, gaban liman. Ni kuwa ba ni jayayya da masu ilimi."

Ɗantani ya waiwaya. Ya dubi Hanifa. Ta ce, "Na ce maka ka ƙara kunne." Ta juya ta shige, ya ji ƙarar sakata har cikin ƙirjinsa.

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki faifanta, ta kakkaɓe shi a gwiwa. "Sannu da aiki, Farfesa. 'Yar cin arziki ta gode."

Baffa Audu kuwa, wanda bai taɓa barin wurin rabo da fara'a ba sai ranar, ya rungumi kasonsa ya ce, "Ni dai na shaida, yaron ga ya iya rabo. Ko ɗaya bai yi saura ba."

"Akwai saura guda, Malam Audu, ga shi nan tsaye da tabarau," in ji Gwaggo. Ta kama kunnen Farfesa ta nufi mota da shi. "Mujahid, sa shi baya wurin huhu. Irin lambobin ga na da yake hwaɗi, waɗanda ba su da kowa sai kansu."